Hunturu a Agadir: ka fita, amma takardarka a aljihu

Wani matashi ɗan Tawa da ke aiki a kamfanin sarrafa kifi a Agadir, ƙasar Maroko, ya rubuto mini. Ya ce katinsa na zama ya ƙare, ya kai takardun sabuntawa, resefise, wato rasidin karɓar takardu, kawai aka ba shi. Tun shigowar sanyi daga aiki sai ɗaki, don yana tsoron ƴan sanda. Yana tambaya ko zai iya fita yawon buɗe ido, kuma ina zai je da ba zai ci masa kuɗi ba.

Ƙanena, ka fita. Resefisen nan shi ne shaidar cewa takardunka suna hannun hukuma, don haka ba ɓoye kake ba. Ka duba ranar da zai ƙare, ka koma a sabunta maka shi tun da sauran kwanaki. Ka riƙa yawo da shi tare da fotokofin fasfo, ka kuma ɗauki hotonsu a waya. Wanda ya kamata ya damu shi ne wanda ya shiga ba biza, kamar yadda aka yarje wa ƴan Nijar, ya wuce kwana 90 bai nemi kati ba.

Sanyin Agadir ba ɗarin Adar ba ne mai fasa leɓe da kaushi. Da rana yakan kai digiri 20, da dare ne yake sauka, ga danshin teku mai shiga ƙashi. Rigar sanyi ɗaya mai kauri ta isa.

Ka fara da Agadir Ufella, tsohuwar ganuwar da ke kan dutse. Girgizar ƙasa ta daren 29 ga Fabrairu 1960 ta rushe garin, mutum sama da dubu 12 suka rasu, shi ya sa ba ka ganin tsofaffin gine-gine a cikin gari. Ka hau da la'asar sakaliya, ka tsaya har magariba: jiragen masunta suna shigowa tasha, fitilu suna kamawa, a jikin dutsen kuma rubutun Larabci na haskawa, Allah, ƙasa, sarki. In ka sauko, kusa da tashar akwai rumfunan gashin sadin. Ka tambayi kuɗin faranti kafin ka zauna. Kasuwar Suk El Had ma wurin wuni ce, sai dai ba ta ci ran Litinin. Ran hutu ka shiga bas zuwa Tagazut, kilomita kamar 20 arewa, ka kalli masu hawan igiyar ruwa da allo.

Kallo na ce fa. Teku ba tabkin Tabalak ba ne, ruwan da sanyi, kuma da hunturu igiya tana ja.

Abin da ba ka tambaya ba: hotuna. Ranar da ka saka hotonka a bakin teku a WhatsApp, kafin isha'i an kira ka kan kuɗin buhun hatsi, ana cewa ai yaro ya samu. Ka riga su. Ka kira Inna, ka juya mata waya ta ga ruwan da idonta, ka gaya mata kallon kyauta ne, kuɗin bas kawai ka kashe, kuma aiken ƙarshen wata yana nan yadda kuka saba.