Mu uku ne, gyare-gyare sun yi mana yawa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mu uku ne muke kula da wata buɗaɗɗiyar manhaja a GitHub, shafin da ake ajiye lambobin manhaja ana aiki a kansu tare, duk aikin sa-kai ne. Dokarmu ita ce sai mutum biyu sun amince kafin a haɗe kowane gyara da babban reshe, wato ainihin kwafin manhajar. Yanzu gyare-gyare sun taru, wasu sun haura wata biyu, masu turowa sun fara ja da baya. Mu soke dokar ne?

Amsa: Wa alaikumus salam. Kada ku soke ta, ku rage mata faɗi. Tun farko lissafin ne bai fita ba. GitHub ba ya barin mutum ya amince da gyaran da shi ya turo, don haka in ɗayanku ya rubuta, dole sai sauran biyun duka sun duba. Ranar da ɗaya ya yi tafiya, duk gyaran da sauran biyun suka rubuta ya tsaya cak.

Ku auna kowane gyara da irin ɓarnar da zai iya yi. Gyaran rubutun bayani, fassara ko ƙaramin kuskure, amincewar mutum ɗaya ta isa muddin gwajin atomatik ya wuce. Mutum biyu kuwa ku ajiye su don wuraren da kuskure ke da tsada: tantance masu shiga, fayilolin gina manhajar, ƙara sabon ɗakin karatu (library, wato lambobin manhaja da wasu suka rubuta) daga waje, da duk fayil ɗin da ido ba ya iya karantawa.

Na ƙarshen nan ba tsoro ne kawai ba. A watan Maris na 2024 Andres Freund ya gano ƙofar baya, wato ɓoyayyar hanyar kutse, a cikin xz, manhajar matse fayiloli, fitowa ta 5.6.0 da 5.6.1. Mai asusun Jia Tan ya ɗauki kusan shekara biyu yana turo gyare-gyare har aka ba shi ikon kula da aikin. Mugun kayan yana ɓoye ne a cikin fayilolin gwaji, abin da ke tayar da shi kuma yana cikin ƙunshin da aka saki, ba a cikin Git ba, inda ake ajiye tarihin canje-canjen aikin. Saboda haka sakin sabuwar fitowa ma ya shiga sahun abin da mutum ɗaya ba zai yi shi kaɗai ba.

A saitin kare reshe, ku mayar da adadin amincewa ɗaya, ku wajabta gwaji, sannan ku kunna zaɓin da ke soke amincewa idan an turo sabon canji bayanta. In ba haka ba, za a amince da abu ɗaya a haɗe wani dabam. Ku hana masu ikon gudanarwa tsallake dokar, har da ku. Fayil ɗin CODEOWNERS zai kira wanda ya dace ga kowane sashe, amma a kula: ko an jera sunaye biyu a layi guda, amincewar ɗaya ta wadatar masa. Sharaɗin mutum biyu sai ku rubuta shi a CONTRIBUTING.md, fayil ɗin ƙa'idojin masu turo gyara, ku kiyaye da kanku.

Sai girman gyara. Abin da ya haura layi 400, ku roƙi mai shi ya raba, kuma ya ware gyaran tsarin rubutu daga canjin da ke taɓa aikin manhajar. Kowa ya ɗauki mako guda bi da bi yana ba sababbin gyare-gyare amsar farko, ko da "mun gani, za mu duba ranar kaza" ce. Shiru ya fi korar 'yan sa-kai fiye da a ce musu a'a. Wanda zai ƙi gyara kuma ya kawo hujja ta fasaha. A ayyukan Apache, gidauniyar buɗaɗɗun manhajoji, ƙin da ba hujja ba ya aiki.

Tambaya: Mene ne amfanin layin Signed-off-by da wasu ayyuka ke nema?

Amsa: Shaida ce daga mai turowa cewa yana da haƙƙin bayar da abin da ya turo a ƙarƙashin lasisin aikin. Masu kula da Linux ne suka fito da tsarin a 2004. Umarnin git commit -s ne ke saka layin. Ba ya nuna an duba gyaran ko yana aiki, bita tana nan daram. Idan za ku nema, ku sa gwajin atomatik ya riƙa bincika shi, ku kuma rubuta wa sabon shiga cewa git commit --amend -s yana saka shi a kan canjin ƙarshe da ya adana idan ya manta.