Amsa ga mushe (malamin lakwal, wato makaranta) kan zanen raƙumin dawa da gawo a bayan ƙwarya

Assalamu alaikum ƴan uwa, ina kwananku. Mushe, na saurari muryarka. Ka ce ɗiyan lakwal ɗinku za su zana makiyayi da bisashe da raƙumin dawa a bayan ƙwarya, kuma gwajin farko ƙwarya biyu sun tsage, raƙumin dawan ya fito kamar raƙumin ayari, kana tambaya wane ƙarfe za ka saya. To ni a ganina matsalar ba ta ƙarfe ba ce. Ƙwaryar ce, da kuma idon mai zanen.

Duman da anka tsinke bai ƙosa ba, shi ne mai tsagewa. Ka ƙwanƙwasa shi da farce, in ya yi ƙara kamar icce busasshe to ya yi, in ya yi dum-dum ka aje shi. Kauri ya kai kamar milimita 4 ko 5 a baki. A fafe, a kwashe totuwa sarai, a jiƙa ɗacin ya fita, a kankare fatar baya, sannan a shanya a inuwa. A inuwa na ce, ba bisa rufin kwano ba. Ranar Maradi in ta bugi jiƙaƙƙar ƙwarya, baya ya bushe ciki da sauran laima, kana ɗora ƙarfe mai zafi sai ka ji ƙas.

Ƙarfe kuwa, kowane maƙeri zai yi maka. Uku sun isa: mai tsini na layi, mai faɗi kamar bakin wuƙa na cike baƙi, da ƙarami mai dunƙulen kai na ɗige-ɗige, kowane da ƙotar icce. Biyu suna cikin garwashi kana aiki da ɗaya. Kada a bari ya yi ja wur, zai nutse ya huda. In ka gwada a sakaina ya bar layi ruwan ƙasa mai duhu da ɗan hayaƙi, shi ke nan. Yara su yi zanen fensir, babba ya riƙe wuta.

Af, kafin fensir ma, ka yanke shawara: a kife za a kalle ta ko a tsaye, baki sama? Mutane suna zanawa tana kife bisa cinya, in anka aje ta a tsaye sai bisashe duk su koma ƙafa sama. Kuma ka kewaya baki da zare, ka ninka shi huɗu, ka sa alama, don kada garke ya cushe gefe guda.

To raƙumin dawa. Ba shi da tozo. Bayanshi gangara ne, daga kafaɗa ya sauko ƙugu. Ƙahoni biyu gajeru masu gashi a kai. In shina tafiya, ƙafar gaba da ta baya na gefe guda suke ɗagawa tare. In zai sha ruwa sai ya wage ƙafafun gaba. Babban namiji shina kai mita 5, wato mutum uku a tsaye, don haka makiyayin da ke kusa da shi iyakarshi wajen cikinshi. Kuma namu na Nijar, na wajen Kure kusa da Yamai, fatarshi da haske, dabbare-dabbaren suna dushewa in an sauko ƙafa. Yaran da sunka kwafo na Kenya daga waya za su cika shi da baƙi har kofato, ba namu ba ne. Ai cikin 2018 an ɗauko guda 8 daga Kure an kai Gadabeji, nan ƙasar Dakoro, cikin jiharmu. Su nemi hoton waɗannan. Dabbare-dabbaren da ƙarfe mai faɗi ake taɓawa sama-sama, a bar farin layi tsakani.

Amma abin da ya fi ci mini rai, gawo. Ko'ina ka duba, a allon lakwal, a bangon shago, sai ka ga an zana hadari, hatsi ya yi kai, ga gawo kore shar a tsakiyar gona. Haba jama'a! Wane gawo ne ke da ganye da damina? Gawo da damina tsirara yake, rassa farare da ƙaya. Don haka ne ma manomi ke barin shi cikin gona, ba ya tare ma hatsi rana, ganyen da ya zubar ya zama taki, hatsin gindinshi ya fi na sauran gona tsawo. Sai ruwa ya ɗauke yake tohowa. Da rani ne yake inuwa, ɗiyanshi jajaye nannaɗaɗɗu suna zuba, awaki na tsinta, makiyayi na kaɗa reshe da doguwar gora. Bisashen su kwanta nan su yi kashi, takin ya koma ma mai gona. Duk zaman mutum da bisa da icce da kake son yara su nuna, ga shi nan a gindin icce guda. To in ka sa mishi ganye da damina ka rushe labarin. Tsoho daga Tibiri ko Madarunfa kallo ɗaya zai yi ya kau da kai.

Don haka ka raba ƙwaryar biyu. Gefen damina: gawo ba ganye, shamuwa bisa reshe, hatsi a ƙasa, mai noma da hauya. Gefen rani: gawo cike da ganye, shanu da balbela a ƙafarsu, carki bisa doron sa. Kada shamuwa ta shigo gefen rani, baƙuwar damina ce. Raƙumin dawan ka sa shi gefen rani shina miƙa wuya cikin ganye.

Wannan ba sabon abu ba ne a ƙasarmu fa. A Dabus, arewa da Agadas, akwai raƙuman dawa biyu sassaƙe bisa dutse tun shekaru dubbai, babban ya wuce mita 5, kuma daga bakin kowane an ja layi ya sauko har wurin wani ɗan ƙaramin mutum. Ka nuna ma yara, su ga yadda mai sassaƙar ya bar mutum ƙarami.

In akwai iyayen da ba su son surar mai rai, a yi sawu: kofaton sa, ƙafar balbela, tafin mutum, suna kewaya gindin gawo. Shi ya ma fi sauƙin ƙonawa.

Launi, na manta. Ja daga karan dafi, a tafasa da ƴar kanwa, a shafa da tsumma, ya bushe kafin wuta. A'a, ba duka ba, a bar jikin raƙumin dawan da farin ƙwarya. In an gama, man gyaɗa ɗigo uku ko huɗu a tafin hannu a murza, a goge da busasshen ƙyalle. In ya yi yawa ƙura za ta manne, ɓera kuma ya bi ƙamshi. Ka turo hoton zanen fensir ɗin a nan kafin ku hura gawayi.