"Quite good" ɗin Baturen Ingila ba yabo ba ne

Ƙanena, saƙonka ya iso. Ka ce ka gama lisans a Jami'ar André Salifou da ke Damagaram, kana shirin jarrabawar Turanci ta IELTS don neman gurbin karatu a nan Ingila, amma fairly, quite, rather da pretty sun sha maka kai, tunda duk wadda ka duba a ƙamus sai ka tarar da kalmar Faransanci ɗaya, assez.

Ai mu ma muna da irinsu. In an tambaye ka kasuwa ka ce "ba laifi" ko "da dama-dama", ba ka yaba ba, ba ka kushe ba. To, aikinsu ke nan. Fairly ce mafi sanyi. Pretty ta ɗara ta ƙarfi, sai dai ta hira ce: faɗe ta a jarrabawar baki, kada ka kai ta rubutu. Rather takan fito ne in abu bai yi wa mutum daɗi ba, ko ya zo masa ba zata. Mai gidan haya ya yanka maka kuɗin ɗaki, ka ce "that's rather expensive", ka yi ƙorafi ke nan cikin ladabi.

Quite ce mai wuyar sha'ani. In malaminka ya rubuta "quite good" a gefen takardarka, kada ka buga waya Damagaram a soma guɗa. Ba laifi yake nufi, da sauran aiki. Ba'amurke kuwa in ya faɗi haka, yabo ne sosai. Sannan in ta hau kalmar da ba ta da rabi da rabi, irin "quite right" ko "quite impossible", ma'anarta ta koma gaba ɗaya. A baki kuma kunne za ka kasa: in ya ja quite ɗin, yabon ya ragu, in good ya danna, ya ƙaru. Wurin zamanta ma daban ne, ana cewa "quite a long day" amma "a fairly long day".

Ka kuma kiyayi too. Masu Faransanci sun saba da trop, sai su ce abinci "too good", alhali too wuce gona da iri ce.

Jarrabawar bakin minti 11 zuwa 14 ce kawai, kuma ana yawan taɓo garinku da yanayinsa. Sanyin safiyar Janairu ka ce "fairly cold". Zafin Afrilu da ke haura maki 40 kuwa, "extremely hot" za ka ce masa.