Karena ya ɓace: yaushe aka fara gidajen cigiyar dabbobi, kuma me muke da shi a Kebbi?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni mafarauci ne daga ƙasar Zuru. Karena ya ɓace ranar kasuwa, na zaga gari ko labarinsa ban ji ba. Ƙanena ya ce a ƙasashen Turawa akwai gidan da ake ajiye karnuka da kyanwoyin da suka ɓace har mai su ya zo. Da gaske ne? Yaushe aka fara, kuma me ya sa ba a yi mana irinsa a nan?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Allah ya bayyana maka shi. Ƙanenka gaskiya ya faɗa, abin ma ya haura shekara 160.

Wanda ya fi suna shi ne gidan Battersea da ke Landan. Wata mata mai suna Mary Tealby ce ta buɗe shi a 1860 a unguwar Holloway, don karnukan da suka ɓace da waɗanda yunwa ta galabaitar a titi. Da farko ba'a aka yi mata, har a jarida, wai ga mutane na kwana da yunwa ita kuma tana ta karnuka. Ta rasu a 1865 ba ta ga bunƙasarsa ba. A 1871 aka mayar da gidan unguwar Battersea, a 1883 ya fara karɓar kyanwoyi. A Amurka kuwa, wata ƙungiyar mata ƙarƙashin Caroline Earle White ce ta kafa irinsa a Filadelfiya a 1869. A wancan zamanin, karen da aka kama yana gararamba a birnin New York, in ba a zo fansarsa da wuri ba, a keji ake sa shi a nutsar a kogi.

Abin da nake so ka lura da shi, Malam, ba ginin ne ke mayar wa mutum da karensa ba, rubutu ne. Wanda ya rasa dabba ya kai rahoto a rubuta kamanninta da ranar da wurin, wanda ya tsinta shi ma ya kai, sai ma'aikaci ya zauna ya gwama bayanan biyu. Daga baya doka ta shigo ta ƙarfafa abin. A Ingila yau ƙaramar hukuma na riƙe karen da aka tsinta kwana 7, in mai shi ya zo ya biya kuɗin ɗawainiya ya tafi da abinsa, in bai zo ba a nema masa wani gida. Tun watan Afrilun 2016 wajibi ne a sa wa kowane kare wata 'yar na'ura kamar ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin fatar wuya, mai ɗauke da lamba mai alƙaluma 15, kuma a watan Yunin 2024 aka haɗa da kyanwoyi. Mutane na zaton tana nuna inda dabba take. Ba ta nunawa, ko batir ba ta da shi. Sai an kama dabbar an kara mata na'urar karantawa lambar ta fito, a duba sunan mai ita a rajista. In mai ita ya canza lambar waya bai sanar ba, aikin banza aka yi.

Batun cewa mu ba mu da shi, a nan ban yarda da kai gaba ɗaya ba. Hukuncin tsintuwar dabba ya riga Battersea da fiye da shekara dubu. A hadisin Zaidu ɗan Khalid da Bukhari da Muslim suka ruwaito, an tambayi Annabi (SAW) game da tunkiyar da ta ɓace, ya ce taka ce, ko ta ɗan'uwanka, ko ta kyarkeci. Raƙumi kuwa ya ce a ƙyale shi, yana tare da ruwansa da takalmansa, wato ƙafafunsa, har mai shi ya same shi. Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa a zamanin Sayyidina Usman an yi umarni a riƙa shelar ɓatattun raƙuma, sannan a sayar, in mai su ya zo a ba shi kuɗinsa. A garuruwanmu kuma kowa ya san inda ake kai akuyar da ta kwana a gidan da ba nata ba: ƙofar mai unguwa ko dagaci, a ɗaure ta a turke, a sa sankira ya zaga. In saniya ce, ardo da dillalan kara sun san tsagar kunnen kowane garke. Cigiya a rediyo ma tsohon abu ce a wurinmu.

Giɓin da muke da shi shi ne wannan tsari ya tsaya kan dabbar da ke da kuɗi a kasuwa. Kare da kyanwa ba mai ɗaure su a ƙofar mai unguwa, yara ne ke bin su da jifa, kuma wannan yana damuna ƙwarai, domin kare mai yawo ba allura shi ne hanyar da ciwon haukan kare ke shiga gari. Sannan komai a ka yake, ba a littafi ba. Akuyar da aka tsinta a Dabai, mai ita na can yana nema a Ribah, ba wanda zai haɗa su. A ganina ba sai an jira an gina gida ba. Littafi guda a ofishin likitan dabbobi na ƙaramar hukuma, da lambar waya ɗaya da kowa ya sani, da keji biyu ko uku a bayan ofis, sun isa a fara.

Kai kuma ga abin yi yanzu. Ka sanar da sarkin mafarautan yankinku da mai unguwa, ka faɗi launinsa, da ko an yanke masa kunne ko jela, da duk wani tabo. In kana da hotonsa a waya, a tura shi zaurukan WhatsApp na mafarauta da na 'yan kasuwa. Ka leƙa wurin masu sayar da karnuka a kasuwannin da ke ci bayan taku, don karen farauta mai kyau sau da yawa ba ɓata ya yi ba, ɗauke shi aka yi. Ka bi mahauta da bola da sassafe da kuma bayan magariba, lokacin da yunwa ke fito da shi. Sai dai kada a yi shelar a cikin masallaci, akwai hani a kan haka. A bari a fito waje.

In Allah ya sa ya dawo, ka duba jikinsa da kyau. Ka ga cizo, ko ya canza hali, ko yana dalalar da miyau, ka ɗaure shi nesa da yara ka kira likitan dabbobi, kada ka sa hannu a bakinsa. In ya ciji wani, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15 a wuce asibiti a ranar. In lafiyarsa ƙalau, a yi masa allurar haukan kare, ka sa masa abin wuya na fata da lambar wayarka a jiki.