Ƙafar yarona ta saki bayan allura a ɗuwawu, ko shan inna ce?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Daga Maraɗi nake rubuto maka. Yarona mai shekara 4 ya yi masassara, wani mai sayar da magani a unguwarmu ya yi masa allura a ɗuwawu. Nan take ya ƙwalla ƙara, tun ranar kuma ƙafar hagu ta saki, yana jan ta a ƙasa. Yau sati uku ke nan. Kakarsa ta ce shan inna ce, a kai shi wurin maɗori a gasa ƙafar. Me zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya, 'yar'uwa. Yadda kika kwatanta, ya fi kama da allurar ta taɓa babbar jijiyar da ta ratsa ɗuwawu ta gangara bayan cinya har tafin ƙafa. Ita ke kai wa naman ƙwauri saƙon ya ɗaga ƙafa, ita ke dawo da jin zafi da taɓi. Ɗuwawun yaro ƙarami ne, balle in ciwo ya ramar da shi, saboda haka allura ba ta shan wahalar cim mata. Kinin, maganin zazzaɓin cizon sauro, ya fi yin wannan ɓarna, don ko kusa da jijiyar aka zuba shi yana iya ƙona ta.

Duk da haka kada a yi watsi da maganar kakarsa. Duk yaro ɗan ƙasa da shekara 15 da gaɓarsa ta saki farat ɗaya, ƙa'ida ce a ɗauki bayan gidansa sau biyu, da tazarar awa 24, a bincika ƙwayar shan inna. An fi so a yi cikin kwana 14 na farko, amma har zuwa kwana 60 ana karɓa. Ki kai shi asibiti gobe. Likita zai kuma gwada ko bayan ƙafar yana jin taɓi, domin shan inna ba ta kashe ji, raunin jijiya kuwa yana kashewa.

Maɗori ba shi da aiki a nan, tunda ƙashi bai karye ba. Gashi da ruwan zafi ko garwashi shi na fi tsoro: ƙafar da ba ta ji sai ta ƙone ta sale yaron bai ce uffan ba.

Jijiya tana tsirowa, amma a hankali, kusan milimita 1 a rana, wato santimita 3 a wata. Ki auna daga ɗuwawunsa zuwa ƙasan gwiwa, za ki ga maganar watanni ce masu yawa. Babu tausa ko man shafawa da zai sa ta sauri. Aikinki shi ne ta iso ta tarar da ƙafar ba ta ƙage ba. Ƙafar da ta yi watanni a rataye, agararta takan gajarce, dunduniya ta daina taka ƙasa, ko jijiyar ta warke yaro ya ci gaba da tafiya a kan yatsu.

Ki kwantar da shi rigingine, gwiwa a miƙe. Ki tallabe dunduniyar a tafin hannunki, sangalin hannunki ya jingina da tafin ƙafarsa, ki tura ƙafar sama wajen ƙwauri sannu a hankali, ki riƙe kamar daƙiƙa 30, ki saki, ki maimaita. Safe, rana da dare. Ja zai ji, ba ciwon da zai sa shi kuka ba. Ki sa likitan motsa gaɓoɓi ya nuna miki da hannunsa tukuna, ki kuma nemi a auna masa takalmin roba mai riƙe ƙafa a tsaye. In kin cire takalmin kika ga jan tabo da bai ɓace ba bayan minti 20, yana matse shi, a mayar a gyara.

Kada ya taka ƙasa ba takalmi, kin san rairayin Maraɗi da rana, ga ƙaya. Kowane dare ki duba tafin ƙafar da tsakanin yatsu. Ki bar shi ya yi wasa da sa'o'insa. Yawan goyo don tausayi yana ƙara raunana ƙafar.

Wasu yaran suna warkewa sarai, wasu rabi, wasu ƙafar ba ta dawowa. In an kai wata uku yatsun ba su ko motsa ba, likitan tiyata ya gan shi, kada a bari ya wuce wata shida. Ko jijiyar ta ƙi, akwai aikin da ake sauya wa wata agara mazauni ta riƙa ɗaga ƙafar. Asibitin yara na CURE da ke Yamai, wanda aka buɗe a 2010, yana aikin ƙashi da gaɓoɓin yara; likitanku zai iya rubuta muku takardar zuwa.

Ga sauran yaranki kuma: zazzaɓin cizon sauro marar tsanani ƙwaya ake sha bayan an yi gwajin jini. In allura ta zama dole, ma'aikacin lafiya ya yi ta, kuma ga ƙaramin yaro a cinya ake yi.