An Tambayi Kuɗin Kaya, An Yi Shiru

Auwalu, na ji tambayarka. Ka ce mutum sama da 200 ke kallon hotunan atamfa da shadda da kake ɗorawa a WhatsApp, kullum sai an ce maka "nawa ne?", da ka faɗi kuɗi kuma sai ka ji ɗif. Shi ne kake so ka san ko ka biya Facebook kuɗin talla, ko ka ba wata mai tarin mabiya a TikTok ta tallata maka. To riƙe kuɗinka tukuna. Talla mutane kawai take kirawo maka. In suka zo suka tarar da abin da ya kori na farko yana nan, su ma haka za su juya, ka yi asarar kuɗin tallar a banza.

Da farko, su wa ke kallon nan? Sitatus ba ya zuwa wa kowa sai wanda yake da lambarka kai ma kake da tasa, kuma bayan awa 24 ya ɓace. Ke nan rabin masu kallonka abokan ƙwallonka ne da 'yan unguwarku, waɗanda ba su da shirin sayen leshi bana ko baɗi. Lambar da za ta amfane ka ita ce ta matar da ta shigo shagon nan ta saya da hannunta. Kafin ta fita ka ce, "Hajiya, in sababbin kaya sun sauka in turo miki?" In ta yarda ka karɓi lambarta, ita ma ta ajiye taka. Irin wannan guda 30 sun fi maka 'yan kallo 300.

Sai batun shirun. Ka dubi yadda ciniki yake a nan Kantin Kwari. Mace ta shigo, ta ɗaga turmi, ta murza bakin zanen da yatsu, ta fita da shi ƙofa ta duba a rana, wata har ta ɗan lasa yatsa ta goga ta ga ko yana zuba. Ta taya, ka ce albarka, ta ƙara, ka sallama, ta ƙirga kuɗi ta ɗauki kayanta. Ita kuwa wadda take Gombe ko Lafiya da waya a hannu ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Cewa kake ta tura kuɗinta ga yaron da ba ta taɓa gani ba, a kan kayan da ba ta taɓa ba, ta zauna tana jira. Kuma da wuya ka sami wadda ba a taɓa cuta ba, ko ita ko ƙawarta: an nuna mata Holan an aiko mata da roba, ko an karɓi kuɗi an toshe lambarta. Shirun da kake ji yawancinsa tsoro ne. Aikinka shi ne duk abin da hannunta da idonta za su yi a shago, kai ka yi mata shi ta waya.

Don haka hotunan nan naka sai an sake su. Na ga wanda ka ɗauka a cikin shago ƙarƙashin ƙwan lantarki, shadda ruwan toka ta koma kamar sararin samaniya, jinin kare ya koma ja. Fitar da kaya waje da hantsi, ka tsaya a inuwa mai haske, ka goge idon kyamarar da bakin rigarka, kada ka taɓa wani abin ƙara kyau. Ka ɗauki guda uku: zanen a shimfiɗe gaba ɗaya, sai na kusa da za a ga zaren, sai na rubutun kamfani da ke jikin bakin zane, don can masu sanin atamfa suke fara dubawa. In shadda ce yi ɗan bidiyo, ka damƙe ta a hannu ka saki, a ga ƙyallinta a ji ƙararta. Mai sayen Getzner da kunne ma yana gane ta. In kuma kwaikwayo ce ka rubuta kwaikwayo ce, tana da masu sayenta, sun ma fi yawa. Ka san hadisin da Manzon Allah (SAW) ya sa hannu cikin tarin abinci ya ji danshi a ƙasa, ya ce wanda ya yi ha'inci ba ya tare da shi. Hoton da aka ƙara wa launi ɓoye danshin ne.

Kuma ka daina ɓoye farashi. Wannan ɗabi'ar ta "a biyo ni ta ciki a ji kuɗi" ban san wa ya koya muku ita ba. Mai kunya ba za ta biyo ba, wadda ta biyo kuma tana zargin fuskarta ka duba ka yanka mata. Rubuta a ƙarƙashin kowane hoto: sunan kaya, yadi shida ne ko biyar, kuɗinsa, da cewa kuɗin mota daban. Wanda ya yi maka magana bayan ya ga wannan, da niyyar saye ya zo. WhatsApp Business na da wurin jera kaya da farashinsu, kyauta ne, ka zuba su can maimakon ka antaya hoto 40 a sitatus rana ɗaya har mutane su gaji su rufe ka. Biyar ko shida sun isa.

Amma kafin ka rubuta farashi, ka yi lissafi, don nan yara irinku suke faɗuwa ba su sani ba. A ce ka ɗauki turmi a wurina naira 18,000 ka sayar 19,500, kana murna ka ci 1,500. Cire leda da salatif. Cire kuɗin adaidaita sahu zuwa tasha da dawowa. Cire data da katin da ka kira direba sau uku. Me ya rage? Wani lokaci da aljihunka ka yi wa mutum dako. Sannan tun da aka cire tallafin mai aka saki naira a 2023, kowa a kasuwar nan ya ga yadda kaya ke kwana da farashi ɗaya su tashi da wani. Ka riƙa tambayar nawa za ka sake sarowa, ba nawa ka saro ba kawai, in ba haka ba za ka ga kana ta ciniki amma turamenka na raguwa. Ka sayi littafi ka rubuta duk abin da ya shiga da wanda ya fita, kuma asusun sana'a daban, na shayi da kati daban.

Wajen karɓar kuɗi kada ka ji nauyin kowa. Hoton risit ba kuɗi ba ne, saƙon alat ma ana ƙirƙirar sa. Buɗe manhajar bankin, ko OPay ne ko Moniepoint, ka ga kuɗin sun zauna da idonka, sannan kaya su bar hannunka. Wanda ya ce yana sauri mota za ta tashi, shi ne ma za ka fi tsayawa a kansa. Su ma masu saye suna duba sunan asusu: in shafinka na da suna ɗaya, asusun ya fito da sunan ƙanenka, ka tayar musu da hankali. In abin ya kankama ka yi rajistar sunan kasuwanci a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ka buɗe asusu da shi.

Idan ka kai saƙo tasha, Unguwa Uku ce ko Na'ibawa, rubuta suna da lamba da gari a jikin ƙunshin da babban rubutu. Ɗauki hoton ƙunshin, ɗauki na lambar motar, karɓi lambar direba, ka tura mata duka kafin ka bar wurin. Kashegari kai za ka kira ka ji ko ya isa, kada ka jira ta neme ka. In ta ce kala ta saɓa ko akwai tabo, karɓi kayanka ka canza mata ba tare da musu ba. Za ka yi asarar kuɗin mota, amma matar nan tana da 'yan uwa, tana cikin zauren biki da na adashi, kuma ranar da za a haɗa lefen ƙaninta ita za a tambaya inda za a saya. Da izininta ka ɗora saƙon godiyar da ta turo, ka rufe sunanta da lambarta.

Ka kuma san lokaci. Kayan Sallah tun Sha'aban ake tallarsu, domin kafin azumi ya raba teloli sun daina karɓar ɗinki, mai saye daga nesa kuma sai ta lissafa kwanakin hanya.

In ka yi wata uku a haka, ka dawo mu yi maganar talla ta kuɗi. Lokacin ma da kaɗan za ka gwada, kuma duk wanda ya saya ka tambaye shi a ina ya gan ka, ka rubuta, don ka san wace ƙofa ce ke kawo mutane. Ita kuma mai mabiyan nan, duba masu yi mata sharhi tukuna. In samari ne masu zuwa kallon barkwanci, ba su za su sayi atamfa ba.

Abu ɗaya da ya shafe ni: kayan da kake ɗauka hoto na shagon nan ne, ana sayar da su a gabanka. Kafin ka ce wa kowa "akwai", leƙa kantar shago ka tabbata, ka ware turmin gefe ka gaya mini. Wanda ya ƙare kuma ka sauke hotonsa a ranar. Ba na so a karɓi kuɗin mutum sannan a shiga layi-layi ana neman mai kama da shi.