Kar ka ƙara zuba wa yis ruwan zafi

Toh Habu, na ga saƙonka tun bayan isha'i, kana tambaya wai me ya sa kwaɓin da ke tashi cikin awa ɗaya a watan Afrilu yanzu da hunturu ya shigo Gombe sai ya yi awa biyu uku yana zaune a gwangwani, kuma jiya da ka zuba ruwan zafi don ka taimake shi sai ma ya ƙi tashi kwata-kwata. Wallahi na ji daɗin tambayar, don yara da yawa sun wuce ta gidan burodin nan, su dai a ba su awo su zuba, ba ruwansu da dalili.

Yis ɗin da kake gani a bushe cikin leda abu ne mai rai fa. Ƙananan ƙwayoyin halitta ne, dangin funfuna, an busar da su sun kwanta, da zarar ruwa ya taɓa su sai su farka su nemi abinci, abincinsu kuma sukari ne. A cikin kowace ƙwaya akwai sinadaran da masana ke kira enzayim, su ne ke yin ainihin aikin, kowanne da nasa guda ɗaya, wani yanka ne aikinsa wani haɗawa, kuma ba sa ƙarewa a cikin aikin, ya gama da wannan ya kama na gaba.

Fulawar da muke buɗe buhunta kullum, wajen kashi 70 cikin 100 nata sitaci ne, shi kuma sitaci sukari ne da aka jera shi dogon layi a haɗe, yis ba ya iya cin sa a haka. Sai wani enzayim da ke cikin fulawar kanta, amilez, ya dinga gutsuttsura layin nan ƙanana, yis ya ɗauka ya ƙarasa da nasa, har da sukarin da muke zubawa da hannu shi ma sai ya raba shi biyu kafin ya ci. Ƙarshen cin nan abu biyu ke fita, iskar kabon dayoksaid da ɗan sinadarin barasa. Iskar ita ce kumburin da kake jira. Abin da ke riƙe ta kar ta gudu shi ne gulutin, furotin ɗin alkama da ke yin danƙo in an murza kwaɓi sosai, shi ya sa nake faɗa da ku in kun cire kwaɓi daga inji bai yi laushi ba, ja shi da yatsu ka ga ya miƙe siriri har haske na ratsa shi bai yage ba, toh ya yi.

In kana so ka ji amilez a bakinka, ɗauki farar shinkafa ba miya ka yi ta taunawa kar ka haɗiye, za ka ji ta fara zaƙi, irinsa ne a cikin yawunka. Masu kunun zaƙi da ke niƙa ɗanyen dankali ko tsiron dawa su zuba, aikin ke nan suke sawa a yi masu tun kafin mu san sunansa.

Yanzu maganar sanyi. Enzayim na aiki da sauri in akwai ɗumi, in zafi ya sauka da digiri 10 aikin yakan ragu kusan rabi, kaga kenan kwaɓin asubar Janairu ba lalacewa ya yi ba, a hankali yake tafiya, kuma sau da yawa ma burodinsa ya fi ƙamshi. Zafi mai yawa kuwa labarinsa daban. Shi enzayim furotin ne da aka naɗe shi da wata siffa ta musamman, da siffar yake kama abin da zai yanka, zafi ya wuce ƙima sai naɗin ya warware, shikenan. Ka ga yadda farin ƙwai ke daskarewa a kaskon mai shayi, ko ka sa shi a firij ba zai koma ɗanye ba, haka ne. Daga digiri 55 zuwa 60 yis ya mutu, ruwan da ka ɗebo daga tukunya jiya kuma na tabbata ya wuce haka tunda ka ce hannunka bai iya zama ciki ba.

Wani Bajamushe mai suna Eduard Buchner a 1897 ya niƙe yis da yashi ya matse ruwansa, ba ƙwaya mai rai ko ɗaya a ciki, ya zuba sukari sai ga shi yana kumfa, a nan aka gane enzayim ɗin ne ke aikin, har aka ba shi kyautar Nobel a 1907. Abin yana burge ni wallahi, ikon Allah a cikin abin da ido ba ya gani, mu kuma muna cin abinci da shi kullum.

Na san za ka tsaya a kan maganar barasa. Kaɗan ce ƙwarai, tana ƙafewa a digiri 78, cikin burodi kuma sai ya kai wajen 95 kafin ya gasu, kusan duka tana fita a obin. Warin tsamin nan da kake ji in kwaɓi ya wuce lokaci, har da ita a ciki.

Gobe in sha Allah ga yadda za ka yi. Ruwa mai ɗan ɗumi, 30 zuwa 35, wanda za ka sa bayan hannunka ka bar shi ba ka ji komai ba. In kana shakkar yis ɗin, zuba cokali ɗaya a kofin ruwan ɗumin nan da sukari kaɗan ka ba shi minti 10, in bai yi kumfa ba kar ka ɓata buhun fulawa a kansa. Kar ka zuba gishiri kai tsaye a kan yis, yana tsotse masa ruwa. Ku rufe gwangwanayen da leda ku ja ƙofa, don iskar hunturu na busar da saman kwaɓi ya yi ɓawo ya hana shi tashi, ku jera su kusa da obin amma ba a kansa ba. Kuma dan Allah kar ka ninka yis don sauri, burodin zai yi manyan ramuka da wari, masu shayin Jekadafari su dawo mana da shi. Gara mu fara kwaɓi da wuri da awa ɗaya. Duk wanda ya kawo maka wani gari ya ce yana sa burodi ya kumbura nan take, kar ka karɓa sai na gani, akwai wani sinadari, buromet, da hukumar NAFDAC ta hana saboda cutarwarsa.

In bazara ta dawo kuma juyawa za mu yi, ruwan sanyi har da ƙanƙara, don injin kansa yana ɗumama kwaɓi. Ka zo ƙarfe uku ka same ni, zan kawo ma'aunin zafi mu gwada ruwan tare.